Yatsun da Suka Daina Jin Tsirkiya: Nazarin Lamarin Jacqueline du Pré, Makaɗiyar Celo 'Yar Ingila

Kayan kiɗan da abin da yake nema daga jiki

Celo babban ɗan'uwan biyolin ne, daga cikin kayan kiɗan Turawa da ake gogawa da baka. Tsawonsa ya ɗara mita ɗaya kaɗan, don haka ba a ɗora shi a kafaɗa. Makaɗi zama yake yi a kujera, ya kafa ƙarfen da ke gindin celon a ƙasa, ya riƙe gangar jikinsa tsakanin gwiwoyi, wuyan kuma ya jingina kusa da kafaɗarsa ta hagu. Tsirkiya huɗu gare shi. Bakan kuwa sanda ce da aka ɗaure wa izgar doki, ana shafa mata ƙaro don ta kama tsirkiya, kamar dai yadda mai goge yake yi a wajenmu.

Abin da ya fi shafar wannan lamari shi ne wuyan celo sumul yake, babu wata alama da ke nuna inda za a ɗora yatsa. Idan yatsa ya goce da faɗin ƙwayar gero, sauti ya karkace, kuma duk mai kunne zai ji. Makaɗi bai dogara da ido ba, fatar yatsunsa da gaɓoɓin hannunsa ne suke sanar da shi inda yake. Hannun dama ma haka: nauyin da aka sakar wa baka, da saurin jansa, da wurin da ya taɓa tsirkiya, su ne ke fitar da murya, kuma duk ana auna su da abin da ake ji a tafin hannu. Shekaru goma zuwa goma sha biyar na horo suna tafiya ne wajen gina wannan jin. Shi ne jarin makaɗin celo gaba ɗaya.

1945 zuwa 1961: horo

An haifi Jacqueline du Pré a Oxford a watan Janairun 1945. Mahaifiyarta gwanar fiyano ce kuma malamar kiɗa. Tana da shekara huɗu ta ji muryar celo a rediyo ta ce ita irin wannan take so, aka samo mata. Uwar ce malamarta ta farko, kuma dabararta ta cancanci a tsaya a kanta. Da dare, bayan yarinyar ta yi barci, sai ta zauna ta tsara ɗan gajeren kiɗa daidai ƙarfin hannun yaro, ta yi masa zane-zane a gefen takarda, ta ajiye mata. Da gari ya waye yarinyar za ta tarar da sabon abu yana jiranta, ta ɗauki celo tun kafin ta karya kumallo. Ba a taɓa sa ta ta ɗauki abin a matsayin aiki ba a waɗannan shekarun.

Tana da shekara biyar aka kai ta wata makarantar koyon celo a Landan. Tana da goma ta koma hannun William Pleeth, malami a makarantar kiɗa ta Guildhall, wanda ya riƙe ta kimanin shekara bakwai. Har ta girma tana kiransa babanta na celo. An san Pleeth da ƙin tilasta wa ɗalibi kwaikwayonsa, ya fi son ya gano abin da ke cikin yaro ya buɗe masa hanya. Da ya ga tana kiɗa da dukan jikinta, tana rangaji, tana sakar wa baka ƙarfi, bai daƙile ta ba.

A 1956, tana da shekara goma sha ɗaya, ta ci tallafin karatu na Suggia, wanda aka kafa da dukiyar wata shahararriyar makaɗiyar celo 'yar Fotugal. Shugaban alƙalan shi ne John Barbirolli, madugun okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa. Tallafin ya biya kuɗin darasi, amma ya zo da sharaɗin gwajin kiɗa na awa huɗu a kullum. Awa huɗu a kan darussan malami da zirga-zirga ba ta barin wuri ga makarantar boko. Aka yi ta rage mata darussa, har aka cire ta gaba ɗaya tana wajen shekara goma sha huɗu. Daga nan ba ta sake zama a aji da sa'o'inta ba.

A 1960 ta ci lambar zinare ta Guildhall, a shekarar kuma ta halarci darasin da shahararren makaɗin celo Pablo Casals yake bayarwa a Zermatt ta ƙasar Suwizalan. A watan Maris 1961 ta yi kiɗanta na farko na fitowa fili a zauren Wigmore da ke Landan, tana da shekara goma sha shida, da celon da Stradivari ya ƙera a Italiya a 1673.

1962 zuwa 1970: shekarun tashe

A ranar 21 ga Maris 1962 ta kaɗa konceton Edward Elgar a zauren Royal Festival tare da okestirar BBC. Konceto kiɗa ne da makaɗi ɗaya yake jan gaba, ƙungiya mai mutum saba'in ko fiye tana amsa masa. Elgar ya rubuta nasa a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Farko, kuma ranar da aka fara kaɗa shi bai karɓu ba saboda ƙungiyar ba ta samu isasshen lokacin gwaji ba. Celo ne yake buɗe shi shi kaɗai, da jan baka mai nauyi a kan tsirkiya da yawa lokaci guda, kafin kowa ya sa hannu. Makaɗin da bakansa ba shi da iko a wannan wurin, ba shi da maɓoya. A nan ita ta fi ƙarfi. Faifan da ta ɗauka a 1965 tare da Barbirolli da okestirar London Symphony shi ne har yau ake auna sauran da shi.

Ta ƙaro ilimi wajen manyan makaɗan celo biyu, Paul Tortelier a Faris a 1962, sannan Mstislav Rostropovich a Mosko a farkon 1966. Ta fara kiɗa a Amurka a watan Mayu 1965, a zauren Carnegie na New York. A watan Yuni 1967 ta auri Daniel Barenboim, matashin makaɗin fiyano kuma madugun okestira, haifaffen Ajantina, aka ɗaura auren a Birnin Ƙudus. Daga nan rayuwarta ta zama jirgi, otal, gwaji, zaure, sake jirgi. Mijin mutum ne mai ƙarfin aiki da ba ya gajiya, jadawalinsu kuma ya bi nasa takun.

Akwai wata matsala ta kayan aiki da ta taso a wannan tsakanin, wadda ya kamata a ware ta daban don kada a haɗa ta da abin da ya biyo baya. A 1964 an ba ta wani celon Stradivari na 1712 da ake kira Davidov. Kayan kiɗa ne mai laushin hali, idan aka danne shi da ƙarfi sai muryarsa ta shaƙe. Ita kuwa dannewa ce salonta. Ta yi shekaru tana fama da shi, ta gwada wani tsohon celon Italiya ƙirar Goffriller, sannan a 1970 ta koma wani sabo fil da Sergio Peresson ya ƙera mata a Philadelphia. Wannan ya jure hannunta. Matsalar kayan kiɗa ta warware a nan. Davidov ɗin daga baya ya shiga hannun makaɗin celo Yo-Yo Ma.

1971: alamun farko da matakin farko

Tana da shekara ashirin da shida abin ya fito fili. Yatsunta suka fara mutuwa, wasu sassan jikinta ma ta daina jin su sosai, ga gajiyar da barci ba ya kawarwa. Alamun ba su zauna wuri ɗaya ba. Su zo, su yi kwanaki ko makonni, su tafi. Ran da ta je ganin likita wataƙila ba abin da zai gani.

Fassarar da aka yi wa abin ita ce wadda ta fi kusa da hannu: yarinya ce da ta fara aikin manya tun tana goma sha shida, ta shekara goma tana yawon duniya, ga matsin aure da suna. Aka ce gajiya ce da damuwar zuciya. Aka ɗauki mataki biyu. Na farko, ta soke alƙawuran kiɗa ta tafi dogon hutu, ta yi watanni ba ta buɗe akwatin celo ba. Na biyu, ta fara ganin likitan ƙwaƙwalwa mai magani ta hanyar zantawa, sau da yawa a mako.

Damuwar ba ƙirƙira ba ce. Ta shiga ƙunci mai tsanani a wannan shekarar, zamanta da mijinta ma ya yi tsami har suka yi nesa da juna na wani lokaci. Saboda haka duk wanda ya dube ta ya ga mace mai damuwa, ya kuma ɗauka damuwar ce ta kashe yatsun. Ba a bi ɗaya hanyar ba, wato ko mutuwar yatsun ce take haifar da damuwar.

Disamba 1971 zuwa ƙarshen 1972: sauƙi

A watan Disamba 1971 ta wayi gari ta ɗauki celo bayan watanni, hannu ya amsa mata. Mijin bai yi wata-wata ba ya nemi situdiyo a Landan, suka ɗauki kiɗan Chopin da na Franck, celo da fiyano, cikin 'yan kwanaki. Wanda ya saurari faifan ba zai ce mara lafiya ce ba. Shi ne faifanta na ƙarshe na situdiyo, amma a lokacin kowa ya ɗauke shi a matsayin shaida cewa hutu ya yi magani.

A 1972 ta riƙa fitowa jefi-jefi. A watan Yuli ta kaɗa kiɗan mutum uku na Tchaikovsky a Tel Aviv tare da mijinta da makaɗin biyolin Pinchas Zukerman. Aka tsara mata cikakken komawa fage a farkon shekara mai zuwa.

Janairu da Fabrairu 1973: komawa fage

A watan Janairu ta zaga wasu biranen Arewacin Amurka. Masu sharhin jaridu suka lura da cewa sauti yana gocewa, ƙarfin baka ba ya daidaita. Tunda babu wanda ya san da cuta, abin da suka rubuta ya karkata ga zargi: ta yi sakaci, ba ta gwaji, hutu ya lalata ta. A watan Fabrairu ta kaɗa konceton Elgar a Landan tare da madugu Zubin Mehta, kiɗan da ya zama nata na ƙarshe a garin.

Daga nan sai New York, inda aka shirya dare huɗu na konceton Brahms na biyolin da celo, ita da Zukerman, Leonard Bernstein yana madugu. Ta ba da labarin wannan makon da bakinta daga baya. Ko maɓallin akwatin celon ya gagare ta buɗewa. Da ta ɗauki baka, ba ta iya sanin nauyinsa a hannunta. Yatsun hagu kuma ba su jin tsirkiya sam. Dabarar da ta rage mata ita ce ta sunkuyar da kai ta kalli wuyan celon, ta auna da ido inda yatsa zai sauka, ta tura shi can, sannan kunne ya gaya mata ko ta dace. Abin da ta shekara ashirin tana yi ido rufe, yanzu sai ta lissafa kowane taku a gaban dubban mutane. Ido ba ya saurin fata. A wurare masu sanyi dabarar takan ɗan riƙe, da an zo inda yatsu ke gudu sai ta watse.

A nan ma an ɗauka fargaba ce. Ta yi dare uku, ta soke na huɗu. Makaɗin biyolin Isaac Stern ne ya cike gurbin da konceton biyolin na Mendelssohn. Ba ta sake kaɗa konceto a gaban jama'a ba. Shekararta ashirin da takwas.

Oktoba 1973: gano cutar

Wata takwas bayan New York, likitocin jijiya a Landan suka tabbatar da cewa tana ɗauke da cutar jijiya ta multiple sclerosis, wadda ake taƙaita sunanta da MS. A wannan cuta, garkuwar jiki ce take juyowa ta afka wa rigar kitse da ke lulluɓe da zaren jijiyoyi a ƙwaƙwalwa da lakar baya. Inda rigar ta lalace, saƙo yakan yi jinkiri ko ya yanke, ko saƙon da ke zuwa daga fata ne, ko wanda ke tafiya ga tsoka. Ta fi kama mutane tsakanin shekara ashirin da arba'in, mata sun fi maza yawa a cikinta, kuma ta fi yawa a ƙasashe masu sanyi irin su Ingila. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya siffanta ta tun 1868, don haka ba baƙuwar cuta ba ce.

Abin da ya sa take wuyar kamawa shi ne halinta na tasowa da lafawa. Kumburi yakan sauka da kansa, jijiya ta ɗan farfaɗo, mara lafiya ya ji kamar ya warke. A wancan zamanin babu na'urar da ke nuna tabon a jikin mai rai. Ƙa'idar da likitoci suke bi tun 1965 ita ce sai an ga alamu a sassan jijiya daban-daban, a lokuta daban-daban, sannan a kira sunan cutar. Ma'ana, sai an jira ta yi ɓarna sau biyu ko fiye. Maganin da ake da shi shi ne allurar ACTH da dangin sitiroyid, masu gajarta tasowar cuta amma ba sa hana ta ci gaba, ga kumburin jiki da suke jawowa.

1975 zuwa 1987: abin da ya rage a yi

Nata nau'in mai saurin ci ne. Zuwa 1975 ta koma keken guragu. A shekarar mijin ya karɓi jagorancin okestirar Faris, ya riƙa kai-komo tsakanin can da Landan, ita kuma ta zauna a gida da mai jinya.

Sai ta koma koyarwa. Ɗalibai suka riƙa zuwa gidanta, kuma a 1979 BBC ta nuna darussanta a talabijin. Farkon abin bai zo da sauƙi ba. Malamin celo yakan ɗauki nasa ya nuna, ita kuwa hannun nunawa ya tafi. Kuma ita ba mai bayani ba ce tun asali, abin da ta sani a jiki ta san shi, ba a baki ba. Dole ta koyi sabuwar hanya: ta rera wa ɗalibi jimlar da murya, ta kwatanta jan baka a iska gwargwadon abin da hannu ya yarda, ta gaya masa wane yatsa zai sa a wane wuri, domin duk lissafin yatsun yana nan a kanta. Wannan ya yi aiki na shekaru. Ta kuma yi karatun labari a wani faifan kiɗan yara na Prokofiev a 1979, inda murya kawai ake bukata. An ba ta lambar girmamawa ta OBE a 1976, an kuma kafa asusun binciken cutar da sunanta.

Cutar ba ta tsaya ba. Hannu ya soma rawa, gani ya raunana har karatu ya gagara, daga baya magana ma ta yi nauyi, koyarwa ta tsaya. Ta rasu a Landan ranar 19 ga Oktoba 1987, tana da shekara arba'in da biyu.

Auna matakan da aka ɗauka

Hutun 1971 bai yi magani ba, ya dai zo daidai da lokacin da cutar ta lafa da kanta. Illarsa ita ce ya ƙarfafa fassarar da ba daidai ba. Da faifan Disamba ya fito da kyau, sai kowa ya samu hujjar cewa gajiya ce, aka ɗora shirin 1973 a kan wannan hujjar, aka kai ta New York da hannun da ba ya jin komai.

Zantawa da likitan ƙwaƙwalwa ta taimaka mata wajen ɗaukar nauyin ƙunci, kuma ta ci gaba da ita bayan an gano cutar. Kuskuren shi ne ɗora mata aikin da ba nata ba. Ba ta da ikon gyara jijiya, kuma muddin ana cewa matsalar a zuciya take, to laifin yana komawa kan mara lafiya. A ganina nan ne aka fi cutar da ita. Shekara biyu tana faɗin abu ɗaya, cewa ba ta jin yatsunta, ana ba ta amsa da maganar fargaba. Mutumin da ya shekara ashirin yana auna faɗin ƙwayar gero da fatar yatsa ya fi kowane gwajin asibiti na lokacin saurin gane cewa wani abu ya sauya. Ƙorafinta shi ne shaida mafi inganci da aka samu, kuma shi aka fi rainawa.

Ba na cewa da an gano cutar a 1971 za a ceci sana'arta. Ba za a cece ta ba, domin babu maganin da zai yi hakan a lokacin. Abin da za a cece ta daga gare shi shi ne zargin kai, da sharhin jaridu masu cewa ta yi sakaci, da waɗancan darare uku. Da kuma ta samu damar zaɓar abin da za ta ɗauka a faifai a ranakun da hannu yake amsawa, tana sane da cewa ƙididdigaggu ne.

Koyarwa ta yi aiki saboda ta dogara ga abin da cutar ta jima ba ta taɓa ba, wato kunne da hadda. Amma a nan ne kuma aka biya bashin horon da aka yi mata. Awa huɗun nan ta kullum ita ta samar da faifan 1965, ita ce kuma ta fitar da ita daga aji tana goma sha huɗu. Da celo ya fita daga hannunta, babu wani fanni na ilimi ko wata sana'a da za ta jingina da ita, ko kalmomin bayyana abin da ta sani sai da ta neme su daga farko tana kan keke. Iyaye da malaman da suka yanke wannan shawarar ba mugunta suka yi ba, sun ga baiwar da ba a saba gani ba suka ba ta duk filin. Duk da haka ina ganin yarinya mai shekara goma sha ɗaya ta cancanci a bar mata wata ƙofa a buɗe, ko da hakan zai jinkirta fitowarta a Wigmore da shekara biyu ko uku.

Ta fuskar likitanci abubuwa sun sauya tana raye da kuma bayanta. A 1981 aka fara nuna tabon MS da na'urar hoton MRI a Landan, abin da ya rage dogon jiran da ake yi kafin a kira sunan cutar. A 1993 Amurka ta amince da allurar intaferon beta, magani na farko da ke rage yawan tasowarta, wasu masu ƙarfi kuma suka biyo baya. Makaɗiya mai shekara ashirin da shida da ta je asibiti a Landan yau tana cewa yatsunta suna mutuwa suna farfaɗowa, hoton ƙwaƙwalwa da na lakar baya yana cikin abubuwan da za a nema mata, kuma idan aka ga tabo, akwai maganin da za a fara ba ta tun kafin ɓarnar ta taru.